Ƙasan Takalmin Malam

Babur ɗin Malam ja ne, ko kuwa in ce ja ne a zamaninsa. Lokacin da aka kawo ni gidansa a Unguwar Hajji da ke Karaye rana ta riga ta shanye jan, ya koma kalar tsohuwar randa. Malam shi ne maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama. Malamin gona ne, ma'aikatarsu ce ta ba shi babur ɗin don ya riƙa zaga manoma, daga Tudun Kaya har can wajen Rogo Ruma, garin da aka haife ni. A shekarun can Karaye da Rogo duk ƙaramar hukuma ɗaya ce, don haka ƙasar da yake zagawa ba kaɗan ba ce.

Ban taɓa ganin ƙarfe mai biyayya kamar babur ɗin nan ba. Da safe Malam zai fito da shi daga zaure, ya yi bisimilla, ya taka sau biyu, a na uku ya tashi. In an kwana ana ruwa ya ɗan yi nawa, sai Malam ya kwance fulogi ya goge da tsumma, ya hura, ya mayar, shi ke nan. Na san kukansa a cikin kukan babura goma. Tun daga kwanar kasuwa nake jiyo shi, in tashi in sirka ruwan wanka. Na abokansa kan mutu a daji su turo shi suna gumi, na Malam bai taɓa kwana a hanya ba. Tashi ba ya ba shi wahala. Tsayawa ce ba ya so.

Ni kuwa ba a jikin babur na gane haka ba, a takalmi na gane.

Tun ranar da na tare ni ke fitar wa Malam kayan da zai sa. In ninke riga da wando a kan gado, in ɗora hula, takalmi kuma in goge in ajiye a bakin ƙofar ɗaki. Ba ya dubawa. Mutum ne da hankalinsa ke isa gona tun jikinsa bai bar gida ba, ƙafa kawai yake zurawa yana maganar iri da taki. Da silifas ɗina zan ajiye masa, ina jin sai ya kai zaure kafin ya lura.

Wadda ke goge takalmi kullum dole ta san ƙasansa. Sai na ga na Malam yana cinyewa, amma ba irin cin tafiya ba. Takalmin mai tafiya gefen dunduniya yake ci, a hankali. Na Malam kamar an goga shi a dutsen niƙa, ya shafe sumul, da dogayen zane daga gaba zuwa baya, wani lokaci har da ƙananan tsakuwa sun nutse a ciki. Baduku ya liƙa masa tsohuwar taya, ba a yi wata biyu ba ita ma ta suɗe. Malam da kansa ya dawo yana dariya, wai baduku ya ce masa, “Malam, don Allah kai ke hawan babur ɗin nan, ko kuwa shi ke hawanka?”

Na taya shi dariya ranar. Ban ƙara yi ba tun daga ranar da ya ɗauke ni za mu gaida mahaifiyata, ina goye da 'yarmu ta biyu. Akwai wani gangare kafin rafi, a hanyar da Malam ke bi kusan kullum. Muna cikin sauka sai ga shanu suna tsallakawa. Na ga ya taka birki har ƙasa, babur bai ko saurare shi ba. Sai kawai ya sauke ƙafafunsa biyu a ƙasa, yana ja, tsakuwa na tashi tana dukan ƙwaurina. Da muka tsaya, numfashin wata farar saniya nake ji a hannuna.

Malam ya ce, “Alhamdulillahi.” Ya waiwayo yana murmushi. “Kin ga birkin da Allah ya ba ni, har guda biyu.”

Hannuna na baya ina tallabe da yarinya, ita kuwa ko farkawa ba ta yi ba.

Da muka dawo gida na ce, “Malam, birkin nan fa?”

“Amarya ke nan.” Haka yake kirana har muka tsufa. “Bakanike ya ce ba fatar birki kaɗai ba ce, kwanon da take kamawa a cikin ƙafar baya ne ya suɗe. Sai an samo daga Kano, kuma kin san yadda kayan babur suka yi wuya.”

“Na gaba fa?”

“Wayarsa ta tsinke tun tuni. Wa ma ke kama birkin gaba a cikin yashi? So kike in tashi sama?”

To, akwai duba. Sau ɗaya a shekara masu duba ababen hawa kan zo da fararen kayansu, su yi kwana biyu a Rogo, sannan su yi kwana biyu a Karaye, a filin makarantar firamare. Duk mai babur ya kai a duba madubi, fitila, sigina, oda, taya da birki. Wanda ya ci a ba shi takarda. A unguwarmu kowa ci yake yi, kowace shekara, har wanda babur ɗinsa sai an tura yake tashi. Sirrin abin kuwa yana ɗakina, a cikin kwallar da ke ƙasan jere.

Masu babur na unguwar ne suka haɗu suka sayi madubi biyu, oda ɗaya, wayar birki da gilasan sigina huɗu. Aka ce a ba matar malamin gona ajiya, ta yi sakandare, abu ba ya ɓata a hannunta. Ranar duba sai na farko ya ɗaura ya shiga fili, in ya ci ya zagaya bayan katangar makaranta ya kwance, na biyu ya ɗaura. Har taya ana aro. Ni kuma matansu su kawo mini fom in cika musu, muna hira ana tsinkar zogale. Allah ya yafe mini, ban taɓa kallon abin a matsayin ha'inci ba. Kamar aron tabarma ranar suna na ɗauke shi.

Birkin baya ne ba ya aruwa, amma shi ma bakanike ya san dabararsa. Zai yanki ɗan gwangwanin madara ya cusa a bayan fatar birki, ya ɗaure tamau. Birki ya kama kamar sabo, kwana biyu ko uku, sannan gwangwanin ya lanƙwashe, a koma gidan jiya.

Wata shekara, ana cikin zafin bazara, ma'aikatar su Malam ta fito da doka. Duk malamin gonan da bai kawo takardar duba ba, ya ajiye babur ya zauna a ofis har sai ya kawo. Ga kowa wannan doka ce kawai, ga Malam kuwa abin ya zo a mummunan lokaci. Shekara biyu yana bin manoman Tudun Kaya gona-gona, yana lallashinsu su gwada wani sabon irin masara. Sun yi ta yi masa alkawari suna zillewa. A wannan shekarar ce suka yarda kowa ya ba shi 'yar kunya biyar ko shida a gefen gonarsa, da sharaɗin shi da kansa zai tsaya a yi shukar, da ruwan farko. Irin yana zaurenmu a cikin buhu, kullum sai ya zura hannu ya damƙo ya duba.

Ana saura kwana uku masu duba su iso Karaye, aka yi suna a gidan yayana a Rogo Ruma. Na ce wa Malam mota zan shiga. Ana cikin hidima sai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta yafuto ni zuwa bayan rumbu. Fura take sayarwa, kuma duk inda maza suka taru a Rogo, nan za ka ga ƙwaryarta.

“Ke 'yar nan, surukina ya kai babur ɗinsa duba?”

“Sai ranar Laraba, Gwaggo.”

“To buɗe kunnenki. Bana sun zo da wani dattijo, ɗan siriri mai farin gemu. Mazan garin nan sun zube kamar mangwaro ranar iska. Suna can har yanzu suna cewa asiri gare shi. Asirin me! Ni da nake zaune a ƙasa na gani. Biro yake yarwa.”

“Biro kuma?”

“Biro mana. Ya ce wa mutum hau ka taka birki in gani. Mutum ya hau yana washe baki, ya ɗora ƙafa. Sai dattijo ya saki biro, ya sunkuya wai zai ɗauka. Ƙasan takalmi yake kallo. In ya ga ya shafe, sai ya ce a kwance ƙafar baya. Sai gwangwani ya faɗo, ƙwal!”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, “Gwaggo, kin gaya musu?”

“Wa ya tambaye ni? Mutumin da zai shanye furata ya miƙo ƙwarya bai ko dubi fuskata ba? Su je su nemi makarin asiri.” Ta kama hannuna. “Ke dai ki ba surukina takalmin Sallarsa. Shi yana gaishe ni har ƙasa. Kar ki gaya wa kowa.”

Na yi mata godiya. Kyauta ta ba ni, da zuciya ɗaya. A mota ina dawowa na yi ta juya kyautar nan, na rasa inda zan ajiye ta.

Washegari Malam ya fito da babur zai kai wa bakanike. Ina tsaye a tsakar gida da tsintsiya na ce, “Malam, da an bar gwangwanin nan, an nemo kwanon.”

“Kafin jibi? Amarya, bari a yi shuka. Da an gama noman farko ni da kaina zan shiga Kano.”

“Haka ka ce bara.”

“Bara faɗa na yi. Bana alkawari ne.”

“Gangaren nan in ruwa ya sauka laka yake zama. Ƙafa ba ta kama laka, Malam.”

“Shekara nawa ina bin sa? Allah ne ke tsarewa.”

“Shi ne,” na ce. Ya tura babur ya fita.

Ban san inda zan kai maganar ba. In na gaya masa abin da Gwaggo ta ce, na san takalmin da zai sa, kuma na san zai ci, ya shiga damina da ƙafafunsa biyu a matsayin birki. In na yi shiru, na ɓoye wa mijina abin da ya shafi aikinsa, mutumin da bai taɓa ɓoye mini ko ciwon kai ba. Na yi addu'a bayan kowace salla. Ban yi mafarki ba, ban ji zuciyata ta kwanta a kan komai ba. Abin da ke dawo mini kawai shi ne numfashin saniyar nan a hannuna.

Ranar Laraba da safe, yana wanka, na janyo ledar da ke ƙarƙashin gado. Takalmin Sallarsa baƙi ne sau-ciki, sau uku ya taɓa sa shi, zanen ƙasansa na nan kamar ranar da aka saya. Na fito da shi, har na kai bakin ƙofa. Na tsaya da shi a hannu har na ji ya ajiye bokiti. Sai na koma na mayar cikin leda, na tura can ƙurya da ƙafata. Na ɗauko tsohon na shafa masa mai, na goge, na ƙara shafawa, na goge, har samansa ya yi ƙyalli. Wannan gogewar ce ta fi damuna daga baya. Shiru daban, amma ni har ado na yi wa abin don kar idonsa ya tsaya a kai.

Ya zura ƙafa, sai kuwa ranar ya duba. “Kai! Yau takalmin nan ya sha mai. Ko shi ma aro ne daga kwalla?”

Na ce, “Allah ya tsare.”

“Ba ki ce Allah ya ba da sa'a ba.”

“Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.”

“Amin,” ya ce, ya karɓi ƙunshin madubai ya fita.

Ban je filin ba. Abin da ya faru rabi daga bakin Malam na ji, rabi daga matar maƙwabcinmu tela, wadda mijinta ba ya iya riƙe labari ya kwana. Tela ne ya fara shiga, ya ci, don shi birkinsa lafiya lau. Wasu biyu suka bi, sannan Malam. Dattijon ya gaishe shi a tsanake, ya tambayi gajiya da iyali da shirin damina. Ya leƙa madubi ya shafa gemunsa.

“Madubin nan ya gaji, Malam. Yau sau huɗu ke nan ina ganin fuskata a cikinsa.”

Aka yi 'yar dariya, dattijon dai ya bar maganar a nan. Ya sa aka ta da babur, ya karkata kai yana sauraren inji, har ya lumshe ido. Sannan ya ce, “Hau ka taka birki in gani.” Malam ya hau ya taka, birki ya kama cak. Sai biro ya faɗi.

Da dattijon ya ɗago sai ya ce, “Malam, yara nawa?”

“Biyu, ranka ya daɗe.”

“Kana ɗaukar su a kan wannan?”

Dattijo ya kira bakanike, wanda ke tsaye a gefe kamar bai san kowa ba, ya ce a kwance ƙafar baya. Gwangwani ya faɗo, da sauran rubutun madara a jikinsa. Tela ya ɗaga murya daga bayan mutane, “Malam, ashe babur ɗin naka shayi yake sha ba ka gaya mana ba!” Fili ya ɗauki dariya.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ja Malam gefe ya ce, “Tun safe ban ji inji mai lafiyar naka ba, ana kula da shi. Amma ba zan sa hannu ba. Takalminka ne ya gaya mini. Ka gyara ka same ni a ofis, a ranar zan ba ka takarda.”

Da azahar na ji kukan babur daga kwanar kasuwa, a hankali, ba yadda ya saba ba. Malam ya shigo ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire takalmi ɗaya ya juya shi, ya daɗe yana kallo kamar yau ya fara ganinsa.

“Kin ga wanda ya kai ƙarata,” ya ce. “Da na sani, da na Sallah na sa.”

Na ajiye masa ruwa, na shige madafa.

Aka aika Kano neman kwanon, aka ce babu, sai dai a jira. Malam ya koma tafiya sakatariya a ƙasa, ya zauna a teburin da ba nasa ba yana jera takardu. Kwana goma bayan duba ruwan farko ya sauka, da hantsi, ran Asabar. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki yana kallon tsakar gida tana shan ruwa, ƙanshin ƙasa ya cika ko'ina. Aka tura wani abokin aikinsa Tudun Kaya da buhun irin. Manoman ba su san shi ba. Suka karɓe shi da mutunci, suka ba shi fura, da ya juya baya kowa ya shuka dawarsa a kunyoyin da aka ware. Wani tsoho ne kaɗai ya shuka masarar, ya ce shi ya riga ya yi wa malamin gona alkawari.

Malam bai yi ƙorafi ba, sai dai tuwonsa ya fara dawowa da saura. In babur ya wuce a waje sai ya dakata da magana har kukan ya ɓace. Nasa yana zaure a kan dutse, babu ƙafar baya, kullum da safe sai ya goge shi.

Na yi mako uku ina ɗauke da abin. Wata Juma'a da safe, yara sun fita gidan tela, yana zaune yana yanke farce, na durƙusa a gefen tabarma.

“Malam, ina da magana.”

“Ina ji, Amarya.”

“Na san dattijon nan takalmi yake kallo. Gwaggo ta gaya mini tun ranar suna. Ta ce in ba ka na Sallah. Na ɗauko shi, na mayar.”

Ya ajiye rezar a hankali.

“Shekara biyu ina bin mutanen nan.”

“Na sani.”

“Kin sani.” Ya gyaɗa kai. “Kuma kika goge shi har yana ƙyalli.”

“Na goge. Ka yafe mini wannan.”

“Wannan kaɗai?” Ya dube ni. “Da kin gaya mini mana. Ni ba yaro ba ne.”

“Da na gaya maka, wanne za ka sa?”

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da rigar da ba ita na ninke masa ba, ya ɗauki takalminsa da hannunsa ya tafi masallaci tun lokaci bai yi ba.

Malam ba mai faɗa ba ne. Ya ci gaba da gaishe ni, yana cin abincina, yana wasa da yara. Abu ɗaya ya canja: shi ke fitar da kayansa, kuma in ya dawo sai ya shige da takalminsa ɗaki ya ajiye a bayan ƙofa. Kullum da safe in na share tsakar gida na zo bakin ƙofar nan na ga wurin babu komai, sai in ji kamar an mare ni. Ban yi nadamar mayar da takalmin cikin leda ba, amma ban taɓa sanin abin da na zaɓa zai yi nauyi haka ba. A cikin kwanakin nan ne na naɗe madubai da oda da gilasan sigina na kai wa matar tela, na ce kwallata ta cika.

Sai da aka gama noman farko bakanike ya samo kwanon, na hannu amma mai kyau. Ya sa sabuwar fata, ya sa wayar birkin gaba, Malam ya sayi madubinsa na kansa. Ya tafi ofishin dattijon da sassafe, ya dawo da la'asar da takarda a aljihun gaba. Ya nuna wa yara, ni ya ce mini kawai, “An samu.” Na ce, “Alhamdulillahi.”

Washegari, ranar da zai koma daji, ina tankaɗe sai na ji shiru ya yi yawa. Na ɗaga kai. Yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ya sa riga da hula, ƙafarsa babu komai.

“Amarya, yau babu takalmi ne?”

Na karkaɗe hannuna a zane. “Wanne?”

“Wanda kika ga dama.”

Na shiga na janyo ledar nan. Ya zura ƙafa bai duba ba. “Ɗauko mayafinki, a bar yara gidan tela. Za mu je in gaida Gwaggo, in ji dalilin da ya sa ba ta zama mai duba babur ba.”

An yi ruwa da asuba, gangaren ya zama laka kamar yadda na faɗa. Da muka fara sauka na riƙe ƙarfen baya gam, idona a kan ƙafafunsa. Ba su bar matakinsu ba. A tsakiyar gangaren, babu saniya babu akuya, ya taka birki, babur ya tsaya cak. Sai a sannan ya sauke ƙafa ɗaya don ya tokare. Ya ɗan jima a haka, bai waiwayo ba, sannan ya saki muka gangara.

Muka biya ta Tudun Kaya. Dawa ce ko'ina, gona bayan gona. Can gefen wata gona sai ga kunya shida na masara, koriya shar, ta fi gwiwa. Malam ya kashe babur ya sauka, ya shiga cikin laka da takalmin Sallarsa. Tsohon nan da ya shuka ta ya taho da fartanya a kafaɗa, suka daɗe suna gaisawa. Ina daga bakin hanya ina kallon Malam yana shafa ganyen masarar, yana ɗaga kai yana duban sauran gonakin da ba a shuka masarar ba. A nan na ga girman abin da na sa ya rasa. Sai da aka ƙara shekara kafin mutanen nan su sake yarda, wasu ma ba su taɓa yarda ba.

Bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Da muka dawo da yamma ya cire takalmin a bakin ƙofa ya bar shi a nan, ya shige. Na ɗauka na zauna a kan turmi, na samo tsinke na kankare lakar da ta bushe. Da ta zube, zanen ƙasan na nan yadda yake.